Na Ce Babu, Ya Ce Akwai

A Guangzhou akwai wani lokaci, ƙarshen sanyi kafin zafi ya kankama, da bango yake zufa. Ba wasa nake ba. Ka tashi da safe ka tarar ruwa yana tsiyaya a bangon ɗakinka, ba yoyo ba, ba ruwan sama ba, iskar ce kawai ta cika da laima. Madubi ya yi hazo, daɓe ya yi santsi, zanen da ka shanya shekaranjiya yana nan jagab yana warin fumfuna. Jajayen takardun da maƙwabtana Sinawa suke liƙawa a ƙofa don sabuwar shekararsu sai launin ya dinga zubowa, in ka bi baranda ka ga kamar an yanka kaji a kowace ƙofa. Shekarata ta farko na ɗauka aljanu ne. Yanzu na san ba su ba ne, amma har yau ba na son lokacin.

A irin wannan lokacin aka ba ni aikin yin ƙarya a waya.

Ni 'yar Kano ce. Kaya nake saye a kasuwar Shahe, riguna da hijabai da kayan yara, in ɗaure in tura gida, wasu ta jirgin sama daga Baiyun, wasu a kwantena ta tashar jirgin ruwa ta Nansha. Na daɗe a garin nan. Rubutun Sinawa ko harafi ɗaya ban sani ba, amma in dai magana ce ina ji, har zagin da masu shago suke yi ƙasa-ƙasa suna murmushi. Ba kowa ya san haka ba, don ni ma ba na tallata shi.

Shekarar da ta gabaci wannan mun yi rashi. Wani ɗan kasuwa ne mai sayen takalma, mutumin kirki, ba ya faɗa da kowa. An ce hawan jini. A wajen jana'iza hawan jini, a saƙon da aka tura wa iyalinsa hawan jini. Amma waɗanda suka yi masa wanka sun fito ba sa iya kallon juna, kuma duk mun san shi ya kashe kansa. Abin da ya fi ci mini rai, kwanaki kafin nan ya zagaya shago-shago yana cewa a yafe masa. Mu kuwa a nan duk wanda zai hau jirgi neman yafiya yake yi, sai muka dinga ce masa Allah ya kai lafiya, a gaida gida. Har turare wani ya ba shi ya kai wa matarsa.

Bayan wannan ne wata cibiya ta Sinawa, masu sauraron mutanen da damuwa ta yi wa yawa, ta turo wa ƙungiyarmu ta Hausawa lambar waya. Suna da layi na baƙi. In ka kira sai a haɗa ka da mai ba da shawara, a haɗo tafinta mai jin Hausa daga cikin ɗalibanmu na jami'a, ku zama ku uku a waya ɗaya, kowa yana zaune a inda yake. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai tura kaya, mai son a ce ya yi bincike, ya ce ba zai raba wa mutane lambar ba sai an gwada. Shugabar cibiyar ta yarda a sa wani ya kira kamar da gaske, ba tare da ma'aikatanta sun san rana ba.

"Hajiya, ke za ki kira," in ji Alhaji. "Kin iya kuka."

"Ni? Yaushe ka taɓa ganin hawayena?"

"Ranar da kwastan suka riƙe miki kwantena."

"Wannan ba kuka ba ne, Alhaji, ciniki ne."

Ya ce in lura ko suna ɗauka da wuri, ko suna gaisuwa da mutunci, ko suna taɓa addini. Kuma kada in nuna ina jin Sinanci. Na ce to. Ni dai abin da nake so in sani daban ne: in mai takalma ne ya kira su yana ta a yafe masa, za su gane, ko su ma Allah ya kai lafiya za su ce?

Kiran farko da safe na yi. An ɗauka da wuri, wannan kam Alhaji ya samu nasa. Tafintan ɗan Kano ne, daga muryarsa na ji. Bayan gaisuwa na dake na ce, "Malam, gaya masa na gaji da duniya. Wani lokaci ji nake gara in mutu."

"Subhanallahi! Hajiya, ki yi istigfari."

Sai ya juya ga Basinen mai ba da shawara ya ce masa da Sinanci, "Ta ce tana kewar gida."

Basinen, bawan Allah, da abin da aka ba shi ya yi aiki. Ya ce in dinga fita shan iska, in dinga kiran 'ya'yana, in sha ruwan ɗumi. Ruwan ɗumi! Na kashe wayar ina huci. Kuma fa tafintan ba mugu ba ne, na sani. Asirina yake rufawa. Ya ga babbar mace Musulma ta yi saɓo a gaban baƙo, ya sa mayafi ya lulluɓe ni. Da gaske nake, da wannan mayafin za a binne ni.

Na bari aka kwana biyu, na sake kira bayan azahar. Ranar hazo ya rufe gari har ba na ganin benen da ke fuskantar tagata. Ina zaune a bakin gado, na ɗora ƙafa a kan tawul saboda laimar daɓe. Mace ce ta ɗauka, muryarta ƙasa-ƙasa, ba ta gaggawa. Ta haɗo tafinta, sai na ji Hausar Damagaram.

"Hajiya, ina wuni? Ina gajiya?"

Muka gaisa. Na ce ya karatu, ya ce lahiya lau. Sannan ya ce, "Hajiya, ƙa'idar aikin ita ce duk abin da kika faɗi zan maimaita mata da bakinki. Ba zan ce 'ta ce' ba. In kin ce 'ni', ni ma 'ni' zan ce. Ki ɗauka ba ni nan."

Na ce madalla, yau ga wanda ya san aiki. Muryarsa a shimfiɗe take, ba hawa ba sauka, kamar mai karanta wasiƙar wani.

Na fara da kaɗan. Na ce, "Na gaji. Ba na samun barci."

Ya ce mata da Sinanci, "Na gaji. Ba na samun barci." Sai kuma ya ci gaba. "Mahaifiyata ta rasu da damina, ban je ba. Na ce sai na gama rubutun bincikena. Malamina ya dawo mini da shi ya ce in sake daga farko. Ban gaya wa kowa a gida ba."

Na cire wayar daga kunne na dube ta. Mahaifiyata ta rasu tun ina amarya, kuma ni da bincike sai dai na farashin yadi. Da farko haushi ne ya kama ni. Na san tafintocin kasuwa, ka ce goma su ce sha biyu su ci biyu. Na ce wannan shi ma ƙari yake yi don a ce ya iya.

Matar ta ce ta yi baƙin ciki da jin rasuwar, ta tambayi yadda ranakun suke wucewa. Ya mayar mini da Hausa daidai, ba ragi. Sai na ce bari in gwada shi. Na ce, "Jiya shinkafa da wake na dafa, man ya yi yawa."

Ya ce mata, "Abinci ba ya mini ɗanɗano. Na raba littattafaina. Na share ɗakina. Na kira duk wanda na sani na roƙe shi ya yafe mini."

Innalillahi. Ɗakin ya yi tsit, ba abin da nake ji sai ɗigar ruwa daga jikin taga. A ɓangarensa kuwa ko motsi babu, ba fanka, ba muryar mutane, ba komai. Mutum yana zaune wani wuri a cikin garin nan, ban san sunansa ba, ban san fuskarsa ba, ya ari bakina yana faɗin abin da ya kasa faɗa da nasa. Kuma yana ganin tsohuwar 'yar kasuwa ce a layi, ba ta jin komai.

Duk Bahaushen da ya kwana biyu a Guangzhou ya san kalmomi biyu, ko da bai san wasu ba. Meyo, wato babu. Yo, wato akwai. Da su muke saye da sayarwa. Ka nuna riga ka ce baƙa, mai shago ya ce meyo. Ka nuna wata ya ce yo, yo, ya shiga ciki ya ɗauko.

Sai matar ta yi tambaya. Shi kuma ya juyo mini da ita da Hausa, kai tsaye, bai sa mata mayafi ba.

"Tana tambaya, akwai tunanin kashe kanki a ranki?"

Tunda nake ban taɓa jin an yi wannan tambayar da Hausa ba. Ko game da mai takalma ba mu taɓa haɗa kalmomin a baki ba, "abin nan" muke cewa. Na manta ma aiki nake yi, gaskiyata kawai ta fito.

Na ce, "Babu."

Ya ce mata, "Yo."

Wallahi sai da na dafa bango, hannuna ya jiƙe.

Na zaci matar za ta rikice, ko ta hau wa'azi. Ko ɗaya. Ta ce ta gode da aka gaya mata, ta san ba abu ne mai sauƙin faɗa ba. Ta tambaya ko yau ne. Ya ce bai sani ba, wataƙila. Ta tambaya ko akwai abin da aka tanada a kusa. Ya ce yo. Sai ya tuna da ni, ya juyo ya ce, "Hajiya, tana tambaya ko kin ci abincin rana."

Nan fa kaina ya ɗau zafi. In na ce masa na ji komai, kunya za ta iya sa shi ya kashe wayar, kuma in ya kashe ina zan same shi? Ɗalibanmu a garin nan suna da yawa, jami'o'in ma ba ɗaya ba. In na yi shiru kuma, matar tana ganin ni ce, in za a tura taimako ɗakina za a turo. Sai na ga abin da zan iya yi kawai shi ne in dinga ba shi fili. Na fara zuba. Na ba shi labarin hijabai masu ruwan toka da ba sa tafiya a Kantin Kwari, da mai shagon da ya canja mini yadi, da ciwon gwiwata. Duk in na ja magana mai tsawo na tsaya, sai shi ma ya ja tasa mai tsawo. Ya ce mata kowa shi yake kira. Wanda zai je asibiti, wanda 'yan sanda suka tare, wanda matarsa ta haihu. Kuma tun da ya fara aikin layin nan, duk wanda ya kira ya yi kuka, shi ne yake cewa "ni". Ni ne ba na barci, ni ne ɗana ya rasu, ni ne na gaji. In an ajiye waya kowa ya tafi, shi ya zauna a ɗaki da su duka.

Ina ta surutun hijabi hawaye yana zuba mini. Da Alhaji ya ga wannan, da ya ga kuka.

Sai matar ta ce, "Akwai wanda zai iya zuwa ya zauna tare da ke yanzu?"

Bai ma fassara mini ba. Ya ce, "Meyo."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Yo." Sannan da Hausa na ce, "Akwai, Malam. Ga ni."

Shiru. Na duba fuskar wayar in ga ko ya kashe. Layin yana nan. Na dinga kiran sunayen Allah a zuci, duk wanda ya zo bakina.

"Hajiya," in ji shi a hankali, "kina jin Sinanci."

"Da bakin wa kake tsammani nake ciniki a Shahe? Kar ka kashe wayar nan, na haɗa ka da Allah."

"Kin ji duka."

"Duka. Kuma ba mahalukin da zai ji daga bakina. Kana ina?"

Sai na juya ga matar da Sinancina na kasuwa, mai karkatattun ƙafafu. Na ce mata ni lafiyata ƙalau, gwaji aka aiko ni, duk abin da ta ji nasa ne. Ta ɗan ja numfashi, shi ke nan. Ba ta tambaye ni dalili ba, ba ta ce masa ya karya ƙa'ida ba. Ta ce masa, "To da kai nake magana ashe. Na gode da ka gaya mini. Ina nan, ba inda za ni." Sai na ji wani sauti daga ɓangarensa, irin na babban mutum da yake ƙoƙarin kada a ji yana kuka.

Ita ce ta lallaɓa shi har ya faɗi inda yake, wani ɗakin haya kusa da jami'arsu, can wajen kogi. Na zari mayafi na fita da silifas ɗin banɗaki, ban ma lura ba sai a cikin tasi. Wayar tana kunnena duk tafiyar. Hazo ya cinye saman dogayen benaye, motoci sun kunna fitila da rana tsaka, direban yana ta goge gilashi da tsumma yana tsaki. Na ce masa ya yi sauri, ya ce hanya ba kyau, na ce masa abin da ba zan rubuta a nan ba. A kunnena kuma matar tana nan da shi, ba ta bar shi ya yi shiru mai tsawo ba. Ta tambaye shi sunan mahaifiyarsa, ta tambayi abin da take dafa masa. Ta sa ya ɗauki abin da ya tanada ya sauka ya bar shi a wajen mai gadi. Ban tambayi ko mene ne ba, har yau ban tambaya ba.

Barandar gidan a jiƙe take, ba kowa, sai sawun takalminsa na sauka da hawa a kan laima. Ƙofarsa a buɗe. Da na gan shi sai na gane fuskar. Ina ganinsa a gidan abincin da muke haɗuwa ranar Juma'a, kullum wani yana jan hannunsa, Malam zo ka karanta mini wannan, Malam zo ka yi mini magana da wancan. Magidanci ne, furfura ta fara fito masa a gemu. Yana sanye da farar riga mai guga da hula, kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure. Ɗakin fes, an yaye zanen katifa, kantar littattafai ba komai, sai darduma a ninke a kan kujera.

Ya rusuna ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Na ce, "Ya jikin?"

Ya ce, "Lahiya lau."

Na ce, "Ka sake ce mini lafiya lau, wallahi sai na cire silifas ɗin nan. Zauna."

Ya zauna a bakin katifa. Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa na bar ta a buɗe, don ni ba muharramarsa ba ce, kuma don ko zai fita sai ya bi ta kaina. Ban san me ake ce wa mutum a irin wannan hali ba, kuma na ga matar ta fi ni sani, sai na bar wayar a tsakaninmu tana ta yi. Can wani ma'aikacin cibiyar ya iso, muka ɗunguma zuwa wajen likita mu uku. Likitan ya ɗaga kai yana neman tafinta, sai ya ga marar lafiyar ya fi kowa a ɗakin iya Sinanci.

Ranar da ƙungiya ta zauna jin sakamako, a bayan shagon Alhaji, an cika. Ya ce, "To Hajiya, ya layin? Suna gaisuwa?"

Na ce suna gaisuwa, a raba lambar yau. Na ce matar da na samu ta san aikinta, tana tambayar abin da mu muke jin nauyin tambaya, kuma in an amsa mata ba ta salati ba ta gudu. Matsalar daga wajenmu take. Na ba su labarin tafintan farko da kewar gida da ruwan ɗumi. Wasu suka yi dariya, ni ban yi ba. Na ce rufin asirin nan namu yana da kyau a wajen biki, amma a wayar nan kisa ne. Sannan na ce a gaya wa cibiyar, su tafintocin da suke kwasar kukan mutane da bakinsu, wa yake tambayarsu ya suke?

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. "Wani ya yi ƙorafi ne?"

"Ba wanda ya yi. Ni na ce."

Wani dattijo daga gefe ya gyara murya ya ce shi dai a saninsa Musulmi mai imani ba ya irin wannan tunanin.

Na ce, "Baba, wanda muka yi wa salla bara, ba a sahun gaba yake tsayawa ba? Ba kusa da kai ba?"

Alhaji ya ce a sha shayi. An raba lambar, kuma daga baya na ji cibiyar ta fara zama da tafintocin bayan kira mai nauyi, ta kuma ja kunnensu a kan ragi. Ko duk suna bi, Allah masani. Ni dai ban sake gwadawa ba.

Shi kuwa ya ajiye aikin layin. Yana raye, alhamdulillahi, yana zuwa wajen likita, yana kuma zuwa wajen matar nan ido da ido. Wani makon in gan shi da haske, wani makon in gan shi kamar an jiƙa shi an matse. Ba na ce masa ya jiki yanzu, don na san amsar da zai bayar. Sai in ce, yau yo ne ko meyo? Wani lokaci ya ce meyo, wani lokaci ya ce kaɗan.

Wata rana da la'asar ya same ni a ɗakin ajiyar kayana a Shahe, ina zaune a kan dila ina jiran masu ɗauri. Ya tsaya yana murza hula a hannu. Ya ce matar cibiyar ta ce lokaci ya yi da zai gaya wa wani na gida, kuma ya zaɓi matarsa, tana Damagaram da 'ya'yansu. Na ce madalla, kira ta mana, yanzu safiya ce a can.

"Hajiya, alfarma nake roƙo. Ni zan faɗi da Sinanci, ke ki gaya mata da Hausa."

Na ce, "Kai, Malam! Matarka fa?"

"Da Sinanci ba ni da uwa ba ni da uba," in ji shi. "Ba wanda ya san ni a cikinsa. In na faɗi da Hausa, ji nake kamar duk garinmu yana tsaye yana saurare."

Tausayinsa ya kama ni. Na so in ce to, Allah ya sani na so. Amma na ce masa a'a. Na ce zan zauna a nan ba zan motsa ba, in muryarsa ta ƙi zan jira tare da shi har ta dawo, amma matar nan da ta haifa masa 'ya'ya ba za ta ji wannan daga bakin wata Bakanuwa da ba ta taɓa gani ba.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya kira, ya buɗe murya don in ji. Ta ɗauka, ana jin zakara da kukan yaro a bayanta. Suka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya zahi, ya su Inna, ya maƙwabta. Ya gaida kowa har da awaki. Na zuba masa ido. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran wanda zai tambaya.

Ya ce, "Akwai maganar da ban gaya miki ba. Ban da lahiya. Kwanakin baya na so in kashe kaina."

Ya faɗe ta a gurguje, kansa a sunkuye, kamar mai cire ƙaya. Gumi ya keto masa a goshi. Wayar ta yi ƙara-ƙara, sannan muryarta ta dawo.

"Alo? Malam, layin ya yanke, ban ji ba. Mi ka ce?"

Ya ɗago ya dube ni, idonsa jajir. Na ce masa a hankali, "Ai ka ji ta."

Ya kai wayar kusa da bakinsa, ya ja numfashi, ya sake faɗa mata.